Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamnatin Jihar Sakkwato: Ranar Da Guba Ta Malala Cikin Gulbin Rima

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Sakkwato, tare da Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Jiha, Hukumar Ruwan Sha, Ma'aikatar Muhalli da Ma'aikatar Lafiya.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, mu masu wannan takarda 'yan jihar nan ne da sana'a ta haɗa mu da ruwa. A cikinmu akwai masu aikin tace ruwan sha, masu gwajin sinadarai, injiniyoyi da ma'aikatan lafiyar muhalli. Mun rubuto ne a kan ranar da muke roƙon Allah kada ya nuna mana, ranar da tankar mai ko motar maganin feshi za ta kife a kan gada, ko rumbun ajiyar sinadarai ya kama da wuta kusa da lambatun da ke zuba cikin gulbi. Babbar buƙatarmu guda ce. A tsara yadda labari zai riga gurɓataccen ruwan isa ga injinan da ke jawo wa birni ruwa, kuma a ba ma'aikacin da ke bakin aiki a wannan sa'a izini a rubuce ya kashe su ba tare da jiran kowa ba.

Kowa ya san yadda birnin nan yake zaune. Gulbin Rima ya gangaro daga madatsar Goronyo ya ratsa Wurno, Gulbin Sakkwato ya taso ta Gusau da Bakolori, suka haɗe kusa da birni, suka wuce Wamakko da Silame zuwa Argungu. Daga ruwan nan famfo ke sha, daga shi masu albasa da tafarnuwa da shinkafa ke ban ruwa da rani, a bakinsa ake shayar da garke. A kansa kuma manyan motoci ke ƙetarewa dare da rana, musamman a hanyar Illela, ɗauke da fetur da gas, wato man dizal, da taki da magungunan feshi. Tankar fetur ta yau da kullum tana ɗaukar lita 33,000, wata ma 45,000. Ko da kashi 1 cikin 100 kaɗai na fetur ɗin ne sinadarin benzin, mai haddasa sankarar jini, lita 33,000 na ɗauke da kusan kilo 290 nasa. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda a samu a ruwan sha ita ce maikurogiram 10 a lita, wato kashi ɗaya cikin ɗari na miligiram. A lissafi, wannan kilo 290 ya isa ya ɓata ruwa kubik mita miliyan 29, wato lita biliyan 29. Gaskiya ne zafin Sakkwato zai kwashe mafi yawansa ya bi iska, amma ɗan abin da ya narke ya ishi gari.

Abin da ya kamata a fara sani shi ne lokaci. Da rani, lokacin da gulbi ke tafiya da ruwan da ake saki daga Goronyo, gudun ruwa zai iya zama mita 0.3 a daƙiƙa, wato kusan kilomita 1 a awa. A watan Agusta, idan gulbi ya kawo, yakan kai mita 1 a daƙiƙa ko fiye, kilomita 3.6 a awa ke nan. Gubar da ta zuba a nisan kilomita 10 sama da wurin jan ruwa za ta iso cikin awa 9 a halin farko, a hali na biyu kuwa ba za ta cika awa 3 ba. Auna wannan ba ya buƙatar na'ura. A auna mita 20 a gaɓa, a jefa gorar roba mai rabin ruwa a tsakiyar gulbi, a duba daƙiƙa nawa ta yi. Kada a rage komai daga abin da aka samu, domin goshin gubar yana tafiya ne da ruwan tsakiya mafi sauri, jelarta ce ke maƙalewa a lunguna da ciyayin gaɓa ta daɗe tana tsiyayowa. Muna roƙon a yi wannan awo a kowace gada da kowane babban lambatu, sau ɗaya da rani sau ɗaya da damina, a rubuta sakamakon a allo, a kafa shi a bangon ɗakin injin jan ruwa, yadda mai aikin dare zai ɗaga kai ya ga awa nawa gare shi.

Wani zai ce ai don haka aka gina gidan ruwa, ya tace. Gidan ruwa irin namu an gina shi ne don laka da ƙwayoyin cuta. Alam yana dunƙule laka ta kwanta, yashi yana tare abin da ya rage, kulorin yana kashe ƙwayoyin cuta. Maganin ƙwari ko benzin da ya narke a ruwa yana ratsa waɗannan matakai ukun ya fita. Wani lokaci ma kulorin ƙara ɓata lamarin yake yi: maganin ƙwari irin kulofirifos idan ya gamu da kulorin yakan rikiɗe ya zama wani sinadarin da ya fi na farko dafi. Idan kuwa amoniya ce ta shigo, daga taki ko makamancinsa, kowane miligiram nata yakan cinye kulorin miligiram 8 zuwa 10, sai a wayi gari ruwa na fita ba kulorin ko kaɗan a jikinsa, alhali ana zuba shi yadda aka saba.

Abin da ke kama irin waɗannan sinadarai shi ne garin gawayin tace ruwa, wanda ake sarrafawa musamman a masana'anta. Gawayin girki ba ya wannan aiki. Ana zuba miligiram 10 zuwa 50 a kowace lita, gwargwadon abin da gwaji ya nuna, tun a mashigar ruwa, a ba shi aƙalla minti 15 zuwa 30 yana cuɗanya kafin a kai ga kulorin, domin idan aka zuba su tare kowanne yana kashe ƙarfin ɗan'uwansa. Gidan ruwan da ke tace kubik mita 50,000 a yini, a kan miligiram 20 a lita, zai ci tan 1 kowace rana. Don haka a ajiye na mako guda a busasshen ɗaki. Sai dai shi ma yana da iyaka: ba a dogara da shi a kan amoniya ko gubar sayanayid, kuma idan gubar ta yi yawa takan fi ƙarfinsa. A watan Janairun 2014, a jihar Bajiniya ta Yamma da ke Amurka, wani sinadarin wanke kwal ya tsiyaya daga tanki zuwa kogin Elk, kilomita biyu da 'yan kai sama da wurin jan ruwa. Masu gidan ruwan suka bar injina suna aiki bisa zaton matatunsu na gawayi za su iya, kuma tankunansu na ajiya ba su da ruwa sosai a lokacin. Kafin dare sinadarin ya shiga bututun gari, aka hana mutum 300,000 amfani da famfo na kwanaki.

Shi ya sa muke nanata izinin rufewa. Ƙaramin ma'aikaci ba zai yarda ya kashe wa birni ruwa da ƙarfe 2 na dare ba idan ya san gobe takardar tuhuma ce za ta biyo baya, sai ya tsaya neman manaja a waya, manaja ya nemi kwamishina, ruwa kuwa yana ta gangarowa. A rubuta masa sharuɗɗan ƙarara: rahoton hatsari daga jami'in tsaro ko basarake, warin mai ko na magani a ruwa, ƙyallin mai a sama, matattun kifi, ko ma'aunin pH, wato awon tsamin ruwa, ya fita daga tsakanin 6.5 da 8.5 farat ɗaya. Ko ɗaya ya gani ya kashe injin, ya rufe bawul ɗin da ke tsakanin matatu da tankin tsabtataccen ruwa, sannan ya kira na gaba da shi. A kuma rubuta cewa idan ta tabbata ba komai, ba wanda zai hukunta shi. Asarar awa 3 ta jan ruwa ana mayar da ita kafin la'asar, amma matatar yashin da ta sha gas sai an kwashe yashin gaba ɗaya, bututun roba kuwa yakan riƙe warin mai makonni. Sannan a mai da cika tankunan ajiya kafin dare ya zama ƙa'ida, domin cikar tanki ce ke ba ma'aikaci ƙarfin zuciyar rufewa.

Labarin kuma ta ina zai zo? Wanda zai fara gani direba ne, ko masunci, ko mai wankin babur a bakin gulbi, ko jami'in kiyaye haɗurra. A samar da lamba guda da ake ɗauka dare da rana, a haɗa ta da 112, lambar kiran gaggawa ta ƙasa, a rubuta ta da manyan baƙaƙe a kan kowace gada da boko da ajami. Wanda ya amsa kiran, kiransa na farko ɗakin injin jan ruwa ne, na biyu 'yan kwana-kwana, manya su biyo baya.

A wurin da abin ya faru, aikin farko korar jama'a ne. A Majiya ta jihar Jigawa, a watan Oktoban 2024, sama da mutum 150 suka rasu lokacin da tankar da ta faɗi ta kama da wuta ana tsakiyar ɗibar mai. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa ya gangara kwari, wato daidai ƙarƙashin gada da bakin ruwa inda mutane ke taruwa. A ja da kowa baya aƙalla mita 50 ta kowane ɓangare, idan tanka ta kama ko tana shirin kamawa a kai mita 800. Masu aiki su tsaya ta inda iska ke fitowa kuma a kan tudu, a kashe babura da janareto. Sannan a gano mene ne ya zuba. Motar da ta bi ƙa'ida tana da allo mai ruwan lemo da lamba huɗu a ƙasansa: 1203 fetur, 1202 gas, 1223 kananzir, 1830 asid irin na batir mai ƙarfi, 1824 ruwan soda, 1017 iskar kulorin. Motoci da yawa ba su da allon, don haka a nemi takardar lodi wurin direba ko yaron mota, a ɗauki hoton jikin jarka ko durom daga nesa. Kada kowa ya sansana ko ya taɓa don ya gane.

Duk litar da aka tare a tudu ta fi sauƙin kwashewa a kan wadda ta shiga ruwa nesa ba kusa ba. Tifa biyu ta yashi da buhu 200 da shebur sun isa su toshe bakin kwalbati da ramukan da ke zubar da ruwan gada, a yi wa mota ɗan gini kewaye. A nan muna jan hankalin 'yan'uwanmu 'yan kwana-kwana da girmamawa. Al'adar wanke titi da tiyo bayan hatsari ita ce hanya mafi sauri ta kai guba cikin gulbi. A ranar 1 ga Nuwamban 1986 wani rumbun magungunan gona ya ƙone kusa da birnin Basel a Suwizalan. An kashe wutar, amma ruwan da aka kashe ta da shi ya kwashi tan-tan na guba zuwa kogin Rayin, kifi ya mutu tsawon ɗaruruwan kilomita, garuruwan da ke ƙasa suka rufe injinan jan ruwa. A yi amfani da kumfa a kan mai, a haƙa rami a shimfiɗa tamfol a tara ruwan da ya gangaro. Asid mai ƙarfi ba a watsa masa ruwa, tafasa yake yi ya fantsamo, sai a tare shi da yashi a barbaɗa farar ƙasa ko garin laim sannu a hankali.

Idan man ya riga ya shiga lambatu mai gudu, a yi masa datsin da ruwa ke fita ta ƙasa. A jera buhunan yashi a tare lambatun, a ratsa bututu biyu ko uku masu faɗin inci 6 a karkace, bakin da ke ɓangaren man yana can ƙasa kusa da gindi, bakin fita yana sama. Ruwa zai bi ta ƙasa ya wuce, mai ya taru a sama a kwashe. Kuskuren da aka fi yi shi ne kwantar da bututun a miƙe, sai ruwa ya janye, bakin bututu ya bayyana, man ya bi.

A cikin gulbi kuwa ana amfani da shinge mai yawo a kan ruwa. Kusan kowa yakan so ya ja shi kai tsaye daga gaɓa zuwa gaɓa, kuma nan ne yake faɗuwa. Da zarar gudun ruwan da ke dukan shingen ya wuce mita 0.35 a daƙiƙa, mai nutsewa yake yi ta ƙarƙashinsa ya ɓullo a gaba. Dole a karkata shi. A gudun rabin mita a daƙiƙa a ba shi kusurwar digiri 45 da gaɓa, a gudun mita 1 a rage zuwa digiri 20. Gulbi mai faɗin mita 60 a irin wannan gudu zai ci shinge kusan mita 175, saboda haka wanda ya sayo mita 60 bai sayo komai ba. A kora man zuwa lungun da ruwa ya lafa kuma mota za ta iya isa. Kafin shingen ya iso, damin karan shinkafa da aka ɗaure cikin ragar waya yana shan gas, muddin ana canza shi kafin ya jiƙe ya nutse. Fetur shi ne ba a tarawa wuri guda, don tara shi tara wuta ne. A karkatar da shi daga wurin jan ruwa kawai, a hana jirgi mai inji shiga. Kada a zuba omo ko sabulu: ƙyallin zai ɓace daga ido, man kuwa ya narke cikin ruwa inda ba mai iya kamo shi. Abin da ya narke, irin asid da taki da yawancin magungunan feshi, ba shingen da ke tare shi, sai rufe injina da jiran ya wuce.

Za a sami masu ba da shawarar a buɗe Goronyo a wanke gulbin. Muna roƙon kada a gaggauta. Ruwan da zai yi tafiyar kilomita 100 a gudun rabin mita a daƙiƙa yana buƙatar fiye da awa 55. Idan ya iso kuma zai tsinka shingayen da aka kafa, ya haura da mai cikin fadama, ya tura matsalar ga mutanen Wamakko da Silame da 'yan'uwanmu na Kabi. Sakin ruwan yana da amfani a kan gubar da ta narke, amma shawara ce da za a yanke tare da Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, bayan an sanar da gwamnatin Kebbi. Sanar da Kebbi ma ya kamata ya kasance cikin awar farko ko za a saki ruwa ko ba za a saki ba.

Ɗibar samfur yana da ƙa'ida, kuma samfur ɗin awannin farko ba ya maimaituwa. A ɗiba a wuri huɗu: sama da inda abin ya zuba don kwatanci, wurin da ya zuba, bakin injin jan ruwa, da ƙasa da gari, kowace awa a yinin farko. Na mai da maganin ƙwari a kwalbar gilashi mai duhu, a cika ta fal ba sararin iska. Na ƙarafa irin dalma a robar da aka ɗiga wa asid, na sayanayid a ɗiga masa soda. A rubuta wuri da lokaci da sunan mai ɗiba, a sa cikin kula da ƙanƙara. Gorar lemo da aka ɗauraye ba ta yin wannan aiki, sakamakonta ba ya tsayawa a gaban kotu. A kulla yarjejeniya tun yanzu da ɗakunan gwaje-gwaje na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, a san abin da za su iya aunawa a yini guda da abin da sai an aika wani gari. Kifi ma shaida ne. Idan ƙarancin iska ne ya kashe su, an fi gani da asuba, manya ne ke fara tasowa suna haki a sama. Idan guba ce, ba ta zaɓen lokaci, ƙanana ke fara mutuwa, kuma za a ga kwaɗi da ƙwarin ruwa a cikin matattun.

Sai maganar gaya wa jama'a. A Nuwamban 2005, bayan kusan tan 100 na benzin da danginsa sun shiga kogin Songhuwa a ƙasar Sin, hukumomin birnin Harbin sun fara cewa gyaran bututu ne ya sa za su ɗauke ruwa. Mutane ba su yarda ba, aka yi ta rububin ruwa ana ficewa daga gari, daga baya dole aka faɗi gaskiya. A faɗa tun farko, a Rima Radiyo da sauran tashoshi, a lasifikar masallatai, ta bakin hakimai da masu unguwanni, da Hausa da Fulfulde. Sarkin Ruwa ya fi kowa saurin isar da saƙo ga masunta, Arɗo ga makiyaya, muna kuma fatan Majalisar Mai Alfarma Sarkin Musulmi za ta shiga tsarin tun daga tushe. Sanarwar ta bambanta da ta lokacin kwalara, domin kunnen mutanenmu ya saba da "a tafasa ruwa". Tafasawa ba ta cire wannan guba: dalma ƙara kauri take yi a tukunya, benzin kuwa ya tashi cikin tururi uwargida ta shaƙa. A ce kada a sha, kada a yi girki, kada a yi wa yara wanka, kada a ci ko a sayi kifin da aka tsinta, kuma a sa ido a kasuwa don kada a kai shi banda. 'Yan ga-ruwa a gaya musu rijiyoyin burtsatsen da za su ɗiba. Masu noman rani su kashe injinansu, har da na rijiyoyin fadama da ke kusa da gaɓa, don jan ruwa daga cikinsu yana jawo ruwan gulbi ta cikin yashi.

Hana mutane ruwa ba tare da ba su wani ba umarni ne da ba mai bi. Mafi ƙarancin abin da ake lissafa wa mutum a halin gaggawa lita 15 ne a yini. Mutum 100,000 lita miliyan 1.5 ke nan, sawu 150 na tanka mai lita 10,000. A rubuta sunayen masu tankunan ruwa da manyan rijiyoyin burtsatse tun yau, a fara da asibitoci, kuma tankar da ta taɓa ɗaukar mai ba ta ɗaukar ruwan sha ko an wanke ta. Bututun da ya zauna ba ruwa yana zuƙo ƙazantar lambatu ta wuraren da ya fashe, saboda haka ranar da aka dawo da ruwa a wanke layuka, a tabbata kulorin ya kai miligiram 0.5 a lita, kada a fita daga guba a faɗa amai da gudawa. Ba a buɗe injin sai samfur uku a jere sun fito lafiya, kuma ruwan sama na farko bayan hatsarin a sake gwadawa, don yana tayar da abin da ya kwanta a laka.

Asibitin Koyarwa da Asibitin Ƙwararru da na ƙananan hukumomin bakin gulbi su san alamun gubar maganin ƙwari: dalala, gumi, ƙanƙancewar ƙwayar ido, kakarin ƙirji. Maganinta aturofin ne, babba ana fara masa da miligiram 1 zuwa 3 ta jijiya, ana ninkawa duk minti 5 har ƙirji ya bushe, kuma mutum ɗaya yana iya cinye gomman kwalabe, abin da ke kan shiryayye ba zai kai ko'ina ba idan mutum 20 suka zo tare. A tuɓe wa majinyaci kaya a wanke shi da sabulu kafin ya shiga ɗaki, ido a zuba masa ruwa minti 15. A roƙi iyaye kada su ɗura madara ko manja, kada su sa amai, musamman ga wanda ya haɗiyi fetur ko kananzir, domin huhu yake komawa.

Yashi da kara da suka sha guba a tara su a kan tamfol nesa da fadama, a rufe, kada a juye su a kududdufin bayan gari. Doka ta ce a kai rahoton malalar mai ga NOSDRA, hukumar tarayya mai kula da malalar mai, cikin awa 24, NESREA kuma, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, ita ke da hurumin sauran sinadarai. A riƙe takardun mota da hotuna da sakamakon gwaji, don mai kayan ne ya kamata ya biya kuɗin gyara da diyyar masunta da manoman da aka hana sana'a.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Muna roƙon a yi atisaye kafin ruwan farko na bana, da daddare, ba tare da an sanar da ma'aikatan da ke bakin aiki ba. Wani ya kira lambar daga kan gada ya ce tanka ta faɗi, a riƙe agogo: minti nawa kafin injin ya tsaya, minti nawa kafin tifar yashi ta iso, waye ke riƙe da makullin ɗakin shinge da gawayi, shin kwalekwalen yana da mai tuƙi, wace waya ce ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. A buga sakamakon kowa ya gani, a gyara abin da ya gaza, a maimaita a watan Agusta lokacin da gulbi ya cika.

Allah ya ja zamaninka, ya kare jihar Sakkwato da mutanenta. Wassalam.

Daga wasu ma'aikatan ruwa, muhalli da lafiya, Sakkwato.